Ɗaukar Abin da Ba a Ba Mu Ba

Turawa suna da wata kalma, arrogation, watau mutum ya ɗaukar wa kansa matsayi ko iko wanda ba a ba shi ba. Tushenta a harshen Romawa roƙo ne, amma mai wannan hali ba ya roƙon kowa.

Mu duba 2 Tarihi sura 26. Da sarki Uzziya ya yi ƙarfi, sai ya shiga haikali garin ƙona turare, aikin da ke na firistoci kaɗai. Azariya da firistoci 80 suka hana shi. Ya husata, nan take kuturta ta fito a goshinsa. Sujada fa ya je yi, ba sata ba!

'Yan'uwa, mu da ke riƙe da kuɗin baiko da makullin majami'a, Ekklesiya ce ta danƙa mana su, ko kuwa mu muka ɗauka?