Sa'ad da Biki Ya Zama Nauyi: Darasi Kafin Kirsimeti

Karanta 1 Sama'ila 1:1-18.

Daga tsakiyar Nuwamba, da zarar amfanin gona ya fara shiga rumbu, hirar ƙauye takan koma kan Kirsimeti. Maza suna haɗa kuɗin watanda, 'yan Zumuntar Mata suna maganar anko, tela kuwa ba ya samun barci. Amma a zagayen da nake yi wa ƙungiyoyin adashe, na lura cewa a wannan lokaci ne mutane suka fi ja na gefe bayan an tashi taro. Wata ta ce kanta yana sara kullum. Wani ya ce rabonsa da barcin kirki ya kai mako uku. In an bi maganar a hankali, sai a tarar tushenta yana gida.

Gidan Elkana

Wannan ba sabon abu ba ne. Elkana yana da mata biyu, Hannatu da Feninna. Kowace shekara yakan ɗauki iyalinsa zuwa Shilo domin sujada da hadaya, a can kuma yakan raba musu nama. Feninna da 'ya'yanta maza da mata kowa ya karɓi rabonsa. Hannatu ba ta da ɗa. Rashin haihuwar yana nan duk shekara, amma ranar idi ce take tone shi, domin ranar ce ake ƙirga kawuna a gaban kowa. Kishiyar kuma ba ta bar ta ta huta ba. Hannatu ta yi ta kuka, ta kasa cin abinci.

Ku dubi yadda maza biyu suka yi da ita. Mijinta yana ƙaunarta, ba shakka. Amma ya jero mata tambayoyi, na ƙarshen ma a kan kansa ne, wato ko shi bai ishe ta ba. Ba a rubuta mana cewa ya jira amsa ba. Eli firist kuwa da kuskure ya fara: ya ga leɓunanta suna motsi ba murya, ya ɗauka ta bugu, ya tsawata mata. Abin da ya raba shi da Elkana shi ne, da ta yi bayani ya saurara, ya janye zarginsa, ya sa mata albarka. A aya ta 18 ta tashi ta ci abinci, fuskarta ta sake. Ku lura, a lokacin ba ta ko ɗauki ciki ba. Abin da ya canja shi ne ta zuba damuwarta a gaban Ubangiji, mutum guda kuma ya ji ta.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Damuwa takan fito ta jiki: rashin barci, ciwon kai, faɗuwar gaba, rashin sha'awar abinci, saurin fushi, mantuwa. A wurin yara takan zo da fitsarin kwance bayan an daɗe da dainawa, ko faɗa, ko shiru marar dalili. Maza da yawa ba sa kuka. Sai dai tsawa ta yi yawa a gida, ko a daɗe a gidan burukutu.

Maganar kuɗi

Yawancin rigimar Disamba ta kuɗi ce, ko da an laƙa mata wani suna. A kaka hatsi yana da araha, amma a lokacin ne muke kwasa mu kai kasuwa domin atamfa, takalman yara, shinkafa da nama. A Janairu makaranta ta buɗe, a nemi kuɗi. A Yuli da Agusta kuma mu sayi irin hatsin da muka sayar da tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota da na kaya ya ƙara tsananta lissafin. Maigida ya san ba zai iya ba, amma kunya ta hana shi faɗa. Uwargida tana ganin rowa ce ko raini.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin kasuwar farko ta Disamba, miji da mata su zauna su biyu, su ware iri, da abincin da zai kai su sabuwar kaka, da kuɗin makaranta. Abin da ya rage shi ne na biki. Sa'an nan a gaya wa yara gaskiya da wuri. Yaron da aka gaya masa tun Nuwamba cewa bana riga ce kawai ba takalmi, zai yi fushi na kwana biyu ya wuce. Wanda aka yi ta yi masa alkawari har jajibere, shi ne zai yi kuka ranar biki. Ni dai ina roƙon shugabannin Zumuntar Mata su faɗa da bakinsu a gaban taro cewa wadda ba ta da anko ta zo da zanen da take da shi.

Gidan da aure ya mutu

A nan nake so mu daɗe, domin nan ne muka fi yin shiru. Koyarwar ikilisiya a kan aure mun san ta, ba ita nake taɓawa ba. Amma a kusan kowace majami'a akwai mace da ta koma gidan mahaifinta, 'ya'yanta kuwa suna gidan tsohon mijinta, kamar yadda al'adar wurare da yawa ta tanada. Wata 'yar'uwa a ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu ta gaya mini cewa shekara biyu ba ta je sujadar Kirsimeti ba. Ba don ta bar bangaskiya ba. Ta ce ba za ta iya zama tana kallon 'ya'yanta suna waƙa a gaba, sanye da kayan da wata ta zaɓa musu, ta kuma rasa ko za a bar su su zo su gaishe ta. A shekara biyun nan ba wanda ya taka ya tambaye ta dalili. Ni ma ban tambaya ba, sai da ta faɗa da kanta.

Abin da ya taimaka ƙarami ne. Wani dattijon ikilisiya da ɓangarorin biyu suke girmamawa ya je gidan mijin tun farkon Disamba. Bai je maganar kome ba. Ya je ne a tsai da rana: yara su yi ranar 25 a gidan ubansu, ranar 26 a kai su wurin uwarsu su kwana biyu, a kuma san wanda zai kai su da wanda zai dawo da su. Aka gaya wa yaran tun da wuri.

Iyayen da suka rabu, kada ku mai da yaro ɗan aike ko ɗan leƙen asiri. Kada ku zagi juna a kunnensa, domin rabinsa kuke zagi. Kada ku yi gasar ɗinki. Yara ƙanana sukan ɗauka su ne sanadin rabuwar, saboda haka a gaya musu a fili, ba sau ɗaya ba, cewa ba laifinsu ba ne. Ko a kotu, in maganar riƙon yara ta taso, amfanin yaro ne doka ta sa a gaba. Mijin da aka bari shi ma yana ɗauke da nasa nauyin, ko da yana ta dariya a wurin rabon nama. Mu tuna a Matiyu 1:19, Yusufu ya yi niyyar rabuwa da Maryamu, duk da haka bai so ya kunyata ta ba.

Dangi kuma su yi hankali da sulhun dole na ranar biki, inda za a tara jama'a a ce kowa ya yi haƙuri, a mai da mace ɗakinta kafin a sauke shinkafa. In duka ne ya fitar da ita, mai da ita ba tare da an magance dukan ba jefa ranta ne cikin haɗari.

Lokacin zuwa asibiti

In baƙin ciki ya kai mako biyu ko fiye, kusan kullum, mutum ya daina jin daɗin kome, ya kasa aiki, to a haɗa addu'a da zuwa asibiti. Wannan ciwo ne da yake da magani, ba rashin bangaskiya ba ne. A fara da asibitin da yake kusa; su za su tura gaba in da bukata, kamar asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da suke Kaduna, Maiduguri da Kware. In mutum ya fara cewa gara ya mutu, kada a ɗauka wasa ne. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kwashe maganin ƙwari da na ciyawa daga gidan, a kulle a wani wuri.

Domin tattaunawa a ƙungiya

A cikin Elkana da Eli, wa muka fi kama da shi sa'ad da wani ya yi kuka a gabanmu? Ba tare da ambaton suna a gaban taro ba, kowa ya tuna wanda bai gani a sujadar Kirsimetin bara ba. Wa zai je gidansa, kuma a wane mako?