Darasin Tarihi: "Wa Ya Gaya Maka?"

 Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), wannan darasi naka ne kai ɗalibi, da ke ɗaliba, 'yan aji ɗaya zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, masu zuwa boko da safe su zo Islamiyya da yamma. Iyaye ma a daure a karanta, domin aikin da za a ba yaran a ƙarshe ba zai yiwu ba sai da ku.

Kwanakin baya na tambayi 'yan ajina a nan Maruta, na ce su wane ne suka zana shanun nan da ke jikin duwatsun Birnin Kudu? Wani ya ce aljanu ne. Wata ta ce Turawa ne suka zana a zamanin mulkinsu. Na uku ya ce Fulani makiyaya ne, har da rantsuwarsa. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cewa, "Wa ya gaya maka?" Aji ya yi tsit. Can sai mai rantsuwar ya ce, "Allah gafarta Malam, ai haka ake faɗa."

To ka ji inda matsalar take. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, yaran nan da a darasin Hadisi ne ba za su taɓa karɓar "haka ake faɗa" ba. Kai ma ka sani, kowane hadisi yana da matani, wato maganar kanta, yana kuma da isnadi, wato jerin mutanen da suka karɓo shi, wane daga wane har zuwa tushe. Malamai irin su Imamu Bukhari, wanda aka haifa a shekara ta 194 bayan Hijira ya rasu a 256, ba su tsaya ga daɗin magana ba. Sai sun bincika: mai ruwayar nan mai gaskiya ne? Yana da kiyayewa ko mai mantuwa ne? Ya ma haɗu da wanda ya ce ya ji daga gare shi? Dalili ke nan da ya sa suka damu da sanin shekarar haihuwa da ta rasuwar kowane marawaici. In mutum ya ce ya ji daga bakin malamin da ya rasu tun kafin a haife shi, ai ka ga asirinsa ya tonu ba sai an yi dogon musu ba.

A lura, ban ce labarin kaka daidai yake da hadisi ba, darajarsu ba ɗaya ba ce ko kusa. Hanyar binciken kawai za mu aro. Wannan hanya ita ce malamin tarihi na boko yake son koya maka, kai kuwa tun tuni kana da ita a jakarka ba ka sani ba.

An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a wajen shekarar 2009, sai bayan kusan shekara goma aka dawo da shi. Yayyenku da yawa sun gama makaranta ba su zauna ajinsa ba ko sau ɗaya. Ku kun samu. Amma littafin da ke hannunka zai ba ka labarin Bayajida da Daular Borno da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, ba za ka sami shafin Maruta a ciki ba. Wannan shafi yana cikin kan tsofaffinmu, kuma kowace shekara muna kai wasu daga cikinsu makwanci.

Abin da dutse yake faɗa

Mu koma kan shanun. Zanen yana cikin kogunan duwatsu kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya zo ya duba su a tsakiyar shekarun 1950 ya yi rubutu a kansu, tare da duwatsun nan masu amo da ke wurin, waɗanda in ka buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙararrawa. Daga baya gwamnati ta sa wuraren cikin jerin kayan tarihin ƙasa. Tun a nan amsar yarinyar nan ta faɗi: Bature samun zanen ya yi, ya tarar da shi tsoho.

Yanzu in Allah Ya kai ka wurin, kada ka fara da tambayar kowa. Fara da idonka. Dubi gadon bayan shanun da aka zana. Yawancinsu ba su da tozo. Sannan ka tuna shanun da kake gani a kasuwa ko a rugar Fulani, farare da jajaye, kowace da tozonta. Shanu marasa tozo a yau sai ka gangara kudu ka ga muturu, ko ka nufi tafkin Chadi ka ga kuri masu manyan ƙahonni. Me ka fahimta? Wanda ya yi zanen ya san wasu irin shanu ne da ba su ne ke kiwo a ƙasarmu yanzu ba. Ko dai ya rayu a lokacin da irinsu ke nan, ko ya zo daga inda suke. Wannan magana tana da hujja, domin kowa zai iya zuwa ya duba da idonsa.

Amma dutsen bai faɗi sunan mai zanen ba, bai faɗi yarensa ba, ba a kuma rubuta shekara a jikinsa ba. Saboda haka mai cewa ƙabila kaza ce ta yi, shi ne zai kawo hujja. Ɗalibin tarihi yana tsayawa ne inda hujjarsa ta tsaya, kuma faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne, manyan malamanmu ma sun faɗa. Wani abu kuma, don Allah in kun je ziyara kada wanda ya ɗauki gawayi ko alli ya rubuta sunansa a jikin dutsen, kada kuma a watsa masa ruwa wai don zanen ya fito sosai. Abin da ya goge ba mai mayar da shi.

Labari ɗaya, baki biyu

Dutse ba ya son kai, amma mutum yana da ɓangare. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Ningi. Tsofaffin ƙasar Gwaram da Birnin Kudu da sauran kudancin Kano sun gaji labarin harin Ningawa a ƙarni na 19: yadda ake kwana cikin tsoro, ake fakewa a bayan ganuwa, ake kame mutane a gona. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya sha fita yaƙi da su. Wannan duk ya faru.

To amma ka je Ningi, a Jihar Bauchi, ka tambaya. Za su fara maka ne daga Malam Hamza, malami daga Tsakuwa ta ƙasar Kano, wanda ya yi ƙaura da jama'arsa zuwa cikin duwatsu a wajen shekarar 1846 saboda rigimar haraji da hukumar Kano. A bakinsu labarin na mutanen da suka ƙi zalunci ne. A bakinmu na mahara ne. Wa ya yi ƙarya? Mai yiwuwa babu. Kowa ya fara labarin ne daga ranar da aka cuce shi. Saboda haka bayan "wa ya gaya maka?" sai ka ƙara da "shi ɗan wane ɓangare ne, kuma me ɗaya ɓangaren ke cewa?" Wanda ya koyi wannan tun yana aji biyu, gobe in aka turo masa wata magana a waya a kan wata ƙabila ko wani malami, ba zai yi saurin turawa gaba ba. Ku duba aya ta 6 a Suratul Hujurati tare da malamin Tafsiri, za ku ga umarnin bin diddigin labari.

Adadi ma a yi hattara da shi. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya soki marubutan tarihi a kan kwafo yawan mayaƙa ba tare da aunawa da hankali ba. In aka ce maka dawaki dubu goma sun kwana a wani ƙauye, tambayi kanka a wace rijiya suka sha ruwa.

Yaushe abin ya faru?

Kakarka ba za ta ce maka "a 1973" ba. Cewa za ta yi, "shekarar da aka canja kuɗi." Aikinka ne ka mayar da maganarta lissafi. Naira da kwabo sun maye gurbin fam da sule a farkon 1973, kuma a wannan shekara aka yi babban fari. An koma tuƙi a hannun dama a 1972. An kashe Sardauna a Janairun 1966, Murtala kuwa a Fabrairun 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta. Yunwar da ake kira Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce. In Inna ta ce tana goyon babanka aka kashe Murtala, ka ga ka sami shekarunsa ko da babu takarda.

Sunan wuri ma yana canjawa. In ka ga takardar makarantar babanka an rubuta Gwaram, Jihar Kano, ba kuskure ba ne. Jihar Jigawa sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro ta daga Jihar Kano, ita kuma Jihar Kano a 1967 aka yi ta. Kafin nan Lardin Kano ake cewa. Ƙasar tamu a da tana ƙarƙashin masarautar Kano, yanzu tana ƙarƙashin ta Dutse.

Ga wata dabara kuma da ɗan Islamiyya ya fi kowa bukata. Takardun malamanmu da shekarar Hijira ake rubuta su, littafin boko kuwa da Miladiyya. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, wato duk shekara 33 ana samun rarar shekara guda. To sai ka raba shekarar Hijira da 33, ka cire abin da ka samu daga cikinta, ka ƙara 622. Alal misali, Shehu Usmanu ya rasu a 1232. Raba da 33, ka sami 37 da 'yan kai. Cire 37, saura 1195. Ƙara 622, ya zama 1817. Haka yake a littafinku.

Amma gwada hijirarsa zuwa Gudu, wadda aka yi a 1218. Lissafin zai ba ka 1803, littafi kuwa ya ce 1804. Kada ka ce littafi ya yi kure. Shekarar 1218 ta faro ne a cikin 1803 ta ƙare a cikin 1804, hijirar kuwa a watan Zulƙida aka yi ta, dab da ƙarshen shekara. Lissafin yana kai ka bakin ƙofa ne, sai ka san watan kafin ka tabbatar.

Takardun cikin gafaka

Gidaje da yawa a nan akwai gafaka ko tsohon akwati cike da takardun Larabci da Ajami da aka gada, wasu gara ta fara ci. In Baba ya yarda ya buɗe maka, wanke hannunka ka shanya tukuna, kuma kada ka sauya jerin warƙoƙin, domin yawanci ba su da lamba. Je ka shafin ƙarshe. A nan mai kwafa kan rubuta sunansa, wani lokaci da na malaminsa da ranar da ya gama. Wasu ba sa rubuta shekara da lamba, sai da haruffa, shi ne ake kira ramzi. A lissafin da malamanmu ke bi shinun 1000 ne, ra 200, lam 30, ba 2. In ka ga waɗannan huɗu a haɗe, 1232 ke nan. Ka kuma rarrabe tsakanin wanda ya wallafa littafi da wanda ya kwafe shi, don tsakaninsu kan kai shekara ɗari. Sannan ɗaga warƙa ɗaya ka duba ta a hasken rana. In ka ga hoton jinjirin wata uku a cikin jikin takardar, irin wadda ake yi a Italiya ce, fatake suka riƙa kawo ta Kano ta hanyar Sahara.

Aikin hutu

Kowane ɗalibi ya nemi tsoho ɗaya ko tsohuwa a gidansu ko unguwarsu, ya tambayi abu ɗaya tak: yadda aka kafa unguwar, ko wa ya fara gina masallacinta, ko labarin rijiya, ko na kasuwa. Ka je da sallama, ka durƙusa ka gaida su, ka zaɓi lokacin da ba su da aiki. Ko ka ji abin da bai shiga hankalinka ba, kada ka kuskura ka ce da babba ƙarya ne. Cewa za ka yi, "Kaka, wannan da idonki kika gani, ko ba ki labari aka yi?" In ta ce ji ta yi, sai ka ce, "Daga bakin wa?" Ka rubuta maganarta yadda ta faɗa, da Ajami ko da boko, kada ka gyara mata. A saman takardar ka sa ranar da kuka yi hirar da Hijira da Miladiyya.

Bayan haka ka kai wannan tambaya wurin mutum na biyu wanda ba gidansu ɗaya da na farko ba. Inda suka dace ka ja layi ɗaya a ƙasa, inda suka saɓa ka ja biyu, ka bar su haka kada ka zaɓar musu.

Iyaye, a taimaka a raka 'yan mata, kuma a duba abin da yara suka rubuta kafin su kawo. In labari ya taɓo asalin wani gida ta yadda zai zama gori, ko rigimar gona da ba a gama ba, a bar shi a gida, ba na aji ba ne. Shafi biyu ya isa. A kawo a makon farko na komawa makaranta, waɗanda isnadinsu ya cika za a buga su a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda.