Ga mai son kafa maƙera a bayan ɗakinsa

'Ya'yana, tun da aka gama girbi sau uku ke nan wasu daga cikinku suna sallama a zaurena da waya a hannu, suna nuna mini wani Ba'amurke yana dukan ƙarfe mai zafi a garejin gidansa, suna cewa, "Baba, mu ma muna son irin wannan." Na ji daɗi ƙwarai, domin yaron da hannunsa ke ƙaiƙayin aiki ya fi wanda ke wuni a gindin bishiya yana jiran damina. Amma ku zauna mu yi magana tukuna. Ni ma ba ɗan maƙera ba ne. Mahaifina manomin gero ne a nan Ollelewa, ni kuma alli na riƙe a lakkol har gashina ya yi furfura. Ƙira haye na yi mata don sha'awa, irin yadda kuke so ku yi, shi ya sa na san ramukan da ke kan hanyar.

Kafin ku sayi ko da awartaki, ku je ku gai da maƙeran garinku. Wancan mutumin na cikin waya ya tono sana'ar da ta kusa mutuwa a ƙasarsu, ya koye ta daga littafi. Mu a nan ƙira ba ta taɓa mutuwa ba, tana da masu ita, gida-gida, uba ya bar wa ɗa. A dutsen Termit, gabas da mu a cikin wannan jiha tamu, masu binciken tarihi sun tono wuraren da aka narka tama tun kafin haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, maƙeran birni har igwa suka ƙera. Damargu, ƙasar nan tamu, kuwa ta ciyar da ayarin Abzin da gero shekara da shekaru, kuma babu damin da ya shiga rumbu sai da hauyar maƙeri ta bi ta gindinsa. Ga maƙeran baƙi masu hauya da gatari, ga maƙeran fari masu zobe da mundaye, ga inadan na Buzaye masu aikin azurfa da takobi. Wanda ya kunna wutar ƙira a gari irin wannan bai gai da kowa ba, ya shiga gonar mutane babu sallama.

Ku tafi da goro. Ku samu babban cikinsu, in akwai Sarkin Maƙera ku fara da shi, ku durƙusa ku ce kun zo neman sani, ba kasuwarsu kuke nema ba. Wanda na je wurinsa, Allah ya jiƙansa, ya dube ni ya ce, "Malam, kai da kake koya wa yara, za ka iya zama a ƙasa?" Na ce zan iya. Ya nuna mini zuga-zugi. Rani guda cur ban taɓa masaba ba, zuga kawai nake yi, dama ta sauka hagu ta tashi, har kafaɗuna suka saba. In na gaggauta ya ce na cinye masa gawayi, in na yi sanyi ya ce ƙarfe ya yi barci. A lokacin na ƙosa. Daga baya na gane a wurin zugar nan idona ya koyi launin wuta, kunnena ya koyi kukanta, abin da waya ba za ta taɓa sa muku a jiki ba. Ya kan ce wuta ake fara koya, ƙarfe yana zuwa daga baya.

To, in an ba ku izini, sai maganar wuri, kuma a nan zan daɗe, don a nan na ƙone. Gidajenmu kara ne da zana, darni kara, rumfa kara, ga rumbu, ga tarin harawa a kan rufi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka maƙera ta zauna a kudu maso yamma da rumbunku da na maƙwabta, yadda tartsatsi zai bi iska ya faɗa fili. Shekarar da na kafa tawa ban yi wannan lissafi ba, na dasa ta kusa da darni don inuwa. Wata la'asar ina dukan ruwan fartanya, ɓawon ƙarfe ya yi tsalle ban gani ba, sai ihun matata na ji. Kafin maƙwabta su kawo ruwa da yashi, wuta ta lashe darni kamu goma, ta tsaya taku uku daga rumbun da abincin shekararmu ke ciki. Daren nan ban runtsa ba. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, ni kuwa ban san ko'ina ba. Ku share fili taku goma ta kowace fuska, ku ja 'yar katangar laka ta tare iska, ku aje tulun ruwa da bokitin yashi inda hannu zai kai ba tare da kun miƙe ba.

Inuwa kuma dole ce, ba don jin daɗinku kaɗai ba. A tsakar ranar Damargu ƙarfen da ya isa ya soya fata baƙi ƙirin yake fitowa a ido, ba ku ganin jansa. Ku yi rumfa mai tsawo, in da hali rufin kwano, gefuna a buɗe. Kada ku yarda ku hura gawayi a ɗaki rufe ko da sanyin Janairu ya kai ƙashi. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da kasala, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, shi ke nan.

Murhun kansa ba ya cin kuɗi. Rami ne a ƙasa, faɗinsa kamar taƙi ɗaya da rabi, zurfinsa bai kai haka ba. A kwaɓa ƙasar suri da ƙaiƙayi a gina ɗan bango a gefe guda, a huda shi, a sa bututun yumɓu ya leƙa cikin ramin, iska ta bi ta nan. Zuga-zugin fatar akuya har yau babu abin da ya same shi, dukawa za su ɗinka muku. Wanda ba shi da mai zuga masa sai ya yi irin na zamani, ƙafar keke da igiyar roba tana juya 'yar fanka, hannu ɗaya na murzawa ɗaya na riƙe awartaki. Uwar maƙera kuwa, kada ku sa rai da mai ƙaho irin ta Turawa, ba ku bukatarta. Iyayenmu a zaune suke ƙira, a kan dunƙulen ƙarfe da bai wuce faɗin tafin hannu ba, an kafa shi a kututturen da aka binne. Kan babbar guduma ya isa, guntun aksil na babbar mota ya fi. Abin lura shi ne kada ta yi rawa. In kun buga ta motsa, ƙasa ce ta sha ƙarfinku. Masaba mai nauyin kilo ɗaya, awartaki biyu, kurfi na yanka, magagari. Sauran kaya da hannunku za ku ƙera su sannu a hankali.

Gawayi abin tausayi ne a ƙasarmu. Maƙeran da can ba sa haɗa gawayin ƙirya da komai, saboda nauyinsa da daɗewarsa a wuta, amma ƙirya ta yi ƙaranci, mu nan arewa ma da wuya ka gan ta. Na ga farin 1973 da na 1984 da idona, na ga yadda daji ya zama fili, na kuma ga yadda manoman jihar nan suka dawo da itatuwa ta hanyar sassaben zamani, suna barin toho a gona suna renonsa. Sha'awarku ba ta kai a sare ɗanyen gawo ko aduwa ba. Ku nemi busasshen reshe, ko ku sayi gawayi kaɗan, ku farfasa shi kamar girman goro, ku riƙa yayyafa ruwa a gefen wuta don kada ta bazu ta ci abin da ba ta yi aiki da shi ba. In kun tashi, ku barbaza garwashin ku kashe, gobe ya sake amfani.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ƙarfen Turawa ya fara cika kasuwanni, narkar tama ta yi ta ja da baya, yau duk maƙeri da tsohon ƙarfe yake aiki. Mu kuwa Allah ya aje mu a bakin hanyar Damagaram zuwa Tanut da Agadas, ga matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 a ƙasar Ollelewa, manyan motoci ba sa yankewa, abin da suka zubar ya ishe ku. Rodin gini mai taushi ne, da shi ake koyo. Sifirin mota da tsohon magagari su ne masu ɗaukar kaifi. Amma abu uku ku kiyaye. Ƙarfen da aka shafa wa tutiya, irin fayif ɗin ruwa mai fari-fari da kwanon rufi, kada ya shiga wuta. Farin hayaƙinsa yana kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji cikin dare. Duk abin da yake rufe, tankin mai, tukunyar gas, durom, bututu mai toshe, kada ku kusantar da shi, fashewa yake yi ko an ce babu komai ciki. Na uku, in yaro ya kawo muku ƙarfe mai kyau da araha, ku tambaye shi inda ya samo. Wataƙila hannun famfon da ƙauye guda ke sha ne.

Yanzu ga abin da na fi so in ga kun iya. Ƙarfe yana magana da launi. Ya fara da ja mai duhu, ya koma ja kamar gauta, ya yi ruwan lemo, ya yi rawaya. Tsakanin ruwan lemo da rawaya ake duka, wajen digiri 900 zuwa 1100, a nan yake bin masaba kamar laka. In ya yi fari yana tartsatsi kamar taurari, kun ƙone shi. In ja ya gushe kuka ci gaba da duka, tsagewa zai yi a ciki inda ido ba ya gani, sai ranar da ake tsakiyar noma ya karye. Wajen ba wa wuƙa tauri, ku ciro mayen ƙarfe daga sifikar tsohuwar rediyo. Ku zuga har ruwan wuƙar ya daina kama shi, wato ya kai wajen digiri 770, ku ƙara masa kaɗan, sannan ku tsoma shi tsaye cikin tsohon man gyaɗa a gwangwanin ƙarfe mai murfi. Ruwan sanyi yakan tsaga ƙarfen sifiri, za ku ji ƙas, aikin yini ya tafi. Bayan tsomawa ya yi tauri amma yana da gautsi kamar kwalba. Sai a goge shi da dutse ya yi haske, a ɗora bayansa a kan garwashi, a zuba ido: wani launi zai taso yana tafiya wajen kaifi, fari-fari, sannan kalar karan gero busasshe, sannan ruwan ƙasa, sannan shuɗi. Da kalar kara ta isa baki, a tsoma. Ran da na fara ganin launin nan yana tafiya a kan wuƙar da na ƙera da hannuna, sai da na yi hamdala a fili. Akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan ƙarfe, kuma Annabi Dawuda aka sassauta wa shi. Duk wanda ya ga baƙin sifiri ya yi laushi a gabansa zai tuna da haka.

Jikinku amana ne. Rigar ƙwallo da silifas na roba narkewa suke yi su manne a fata, ku sa auduga da takalmin fata. Tabarau na masu walda marar duhu bai kai kuɗin ido ɗaya ba. Kowane ƙarfe da ke ƙasa kusa da murhu ku ɗauka mai zafi ne, ku kuma hana ƙannenku zuwa babu takalmi. Wasan wutar da kuke gani 'ya'yan maƙera suna yi ranar biki nasu ne, na gidansu, kada ɗayanku ya gwada.

Ɗana wanda ya ce mini takobi yake so ya fara ƙerawa, ka yi haƙuri. Takobi ba ya cikin bukatun gidanku, kuma zamanin da muke ciki ba na tara makami a ɗaki ba ne. Dubi abin da mahaifiyarka ta rasa. Ƙugiyar ciro guga in ya faɗa rijiya, maratayin ƙwarya, sakatar ƙofa, tsinken gasa nama, basilla, turken akuya. Ƙugiya ita kaɗai za ta koya maka fiƙe baki, lanƙwasa, da murɗa. In hannunka ya faɗa, maƙwabta za su fara kawo maka lauje da hauya gyara, musamman gab da shuka. Na gidanku ka gyara. Na waje ka tura su wurin wanda ya koya maka, domin kai nishaɗi kake yi, shi kuwa da wannan yake ciyar da iyali. In ka ƙera abin farko da ya yi kyau, shi za ka fara kai wa ya gani, ya juya shi a hannu ya nuna maka inda masaba ta kauce.

Ranar Alhamis bayan la'asar ina hura wuta. Mai so ya zo da guntun rodi kamu ɗaya da rigar auduga. Jikana da ke yi mini zuga ya koma makaranta a Damagaram, wurin zamansa yana nan babu kowa.