Yadda Ake Gano Matsalar Ƙaramin Injin Dizal Mai Mutuwa Yana Tsaka da Aiki

A fadamun kogin Haɗeja, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, ana amfani da ƙananan injinan dizal a aikin rani: jan ruwa, huɗa da ƙaramar tarakta ta hannu, casar shinkafa da niƙa. Matsalar da ta fi cin rai ita ce injin da zai tashi lafiya, ya yi aiki, sai ya mutu haka kawai. A kai shi wurin bakanike kuma ya ƙi nuna halinsa. Idan hakan ta faru lokacin da shinkafa ke fitar da kai, ƙishin 'yan kwanaki kan rage amfanin gonar sosai.

Injin dizal ba shi da fulogi irin na injin fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi, sannan nozul ya fesa mai ya kama da wuta. Don haka idan yana mutuwa jefi-jefi, wurare uku ake zargi: hanyar mai, hanyar iska, da zafi. Hanyar mai ce ta fi yawan laifi.

A fara da wayar hannu

Kafin a ɗauki sifana, a kunna agogon waya a lissafa mintunan da injin ke yi kafin ya mutu. A ɗauki bidiyon salansa tare da ƙararsa. A rubuta ko da nauyin aiki ya mutu, da kuma ko ya tashi nan take ko sai da ya huce. Masu gyaran manhaja na da ƙa'ida da ke amfani a nan: abu ɗaya ake canzawa, a gwada, sannan a wuce na gaba. Wanda ya canza uku lokaci guda ba zai san mai laifin ba.

Hanyar mai

1. Murfin tanki. Yana da 'yar ƙofar da iska ke shiga. Idan ƙura ta toshe ta, mai zai daina sauka bayan wasu mintuna. A sassauta murfin a kunna injin. Idan ya daina mutuwa, an kama ɓarawo ba tare da kashe ko sisi ba.

2. Ruwa a cikin mai. A tsiyayi kaɗan daga ƙasan tanki a zuba a gora mai haske, a ajiye. Ruwa ya fi dizal nauyi, zai kwanta a ƙasa. Idan an gan shi, a juye tankin a wanke, a kuma duba jarkar da ake ajiye man.

3. Filtar mai. Injin da ke tafiya daidai ba nauyi amma ya shaƙe da zarar an ɗora masa aiki, yawanci filtarsa ce ta cika da datti. A sa sabuwa.

4. Iska a layin mai. Alamarta ita ce ƙarar injin na hawa da sauka kafin ya mutu. A duba tiyo ko ya tsage, ko bakinsa ya saki. Sannan a sassauta notin fitar da iska har mai ya fito babu kumfa, a ɗaure.

Iska da zafi

Noman rani na haɗuwa da ƙurar hunturu, wurin casa kuma ga ƙaiƙayi. Filtar iska kan toshe da wuri. Hayaƙi zai ba da labari: baƙi na nufin iska ta yi kaɗan ko aiki ya fi ƙarfin injin, fari na nuna ruwa ko man da bai ƙone ba, shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. A injin ban ruwa, a leƙa cikin famfo ko ciyawar kacala da ta addabi yankin ta naɗe a ciki.

Idan injin na mutuwa ne bayan ya ɗau zafi, kuma ba ya tashi sai ya huce, a duba ruwan sanyaya shi da ma'aunin baƙin mai. Kada a kwara masa ruwan sanyi yana da zafi, domin ƙarfen na iya tsagewa.

Inda ya kamata a tsaya

Idan an bi duk waɗannan matsalar na nan, abin ya koma nozul, famfon mai ko bawul, kuma wannan aikin bakanike ne. Kada a kusantar da hannu ga feshin nozul, ƙarfinsa na iya huda fata. A tafi da bidiyon da mintunan da aka rubuta. Bakaniken da ya ga launin hayaƙi, ya ji ƙarar injin, zai san inda zai fara kwancewa, kuma ba za a sayi kayan da ba su lalace ba.