Kwatanta Dosiye Biyu da Daidaita Su: Darasi ga Mai Tara Bayanan Harshe

Gabatarwa

Ɗalibin da ya fita binciken fili, ko a kan Adaranci a ƙauyukan Tawa ko a kan Damagaranci a kewayen Mirriya, yakan dawo da abin da sake samun sa yake da wuya: muryoyin dattawa, jerin kalmomi, tatsuniyoyi, da rubutun da ya kwashe watanni yana yi a kansu. Duk waɗannan suna zaune a cikin dosiye guda a kwamfuta, wato abin da maƙwabta na Nijeriya suke kira folda. Saboda tsoron zafin bazara, ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta, ɗalibin yakan yi kwafin dosiyen a kile ko a faifan ajiya na waje. Bayan wata biyu ko uku sai a tarar kwafin ya rabu da na asali: an gyara wani rubutu a kwamfuta, an gyara wani a kan kile a ofishin malami, an sake sunan wasu fishiyoyi, an goge wasu. Idan fishiyoyin sun kai ɗaruruwa, ido ba zai iya tantance su ba.

Akwai manhajoji, wato lojisiyel, da aka ƙera domin wannan aiki. Suna jera dosiye biyu kafaɗa da kafaɗa, su nuna inda suka saɓa, su kuma daidaita su idan an ba su umarni. Wannan muƙala tana bayyana yadda suke aiki, da abin da ya kamata mai nazarin harshe ya lura da shi wajen zaɓar su. Jigonta shi ne cewa kowace manhaja tana da ma'aunin da take yanke hukuncin "iri ɗaya" da shi, kuma wanda bai san ma'aunin ba yana iya goge aikinsa da hannunsa.

Ma'aunin Kwatanci

Ɗalibin tsarin sauti ya san cewa ba kowane bambanci ne yake canza ma'ana ba. Bambancin da ke tsakanin baki da baƙi zubin kamantau ne, domin ya raba kalmomi biyu. Bambancin da ke tsakanin furucin baki a bakin mutum biyu kuwa bai raba komai ba. Haka lamarin yake a fishiyoyi: akwai bambancin da yake nuna an taɓa aikin, akwai wanda na'ura ce kawai take ganin sa, akwai kuma sauyi na gaske da na'urar ba za ta gani ba idan ma'auninta bai kai can ba.

Manhaja tana fara haɗa fishiyoyi ne ta suna da kuma matsayinsu a cikin dosiye. Fishiyen da sunansa ya bayyana a ɓangare ɗaya kaɗai za a nuna shi a matsayin wanda ba shi da takwara. Waɗanda suka sami takwara kuma ana auna su ta ɗayan hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce duba girman fishiye kawai, wato adadin bayit ɗin da ya ƙunsa. Tana da sauri, amma tana da rauni. Idan mai bincike ya gyara tafi zuwa tahi domin ya dace da furucin mai ba da bayani, girman fishiyen rubutun bai sauya ba, alhali bayanin karin harshe ya sauya.

Hanya ta biyu ita ce haɗa girma da lokacin gyara na ƙarshe. Ita ce mafi yawan manhajoji suke farawa da ita, kuma ta wadatar a aikin yau da kullum, muddin agogon na'urorin daidai yake.

Hanya ta uku ita ce karanta abin da ke cikin fishiyoyin biyu bayit bayan bayit. Ita ce mafi tabbas, kuma ita ce mafi cin lokaci. Ɗaukar murya ta WAV a kan 48 kHz da bit 24 a tashoshi biyu tana cin kimanin gigabayit 1 a kowace awa, don haka kwatanta awa 30 na murya a kan tsohuwar kile aiki ne na zama. Duk da haka ya dace a yi shi bayan kwafin farko na muryoyin fili, sannan a riƙa maimaita shi jefi-jefi.

Manhajojin da Ake Samu

Asalin wannan fanni shi ne shirin diff, wanda Douglas McIlroy ya samar a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a shekarun 1970 domin nuna layukan da suka bambanta tsakanin rubutu biyu. A 1996 Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar da rsync, mai daidaita dosiye ta hanyar tura abin da ya sauya kawai. Dukansu biyu da rubuta umarni ake sarrafa su, shi ya sa wanda bai saba ba ya fi samun sauƙi da masu nuna komai a allo.

FreeFileSync kyauta ce, tana aiki a Windows, macOS da Linux, kuma ana iya sa ta cikin Faransanci. Ƙarfinta yana wajen daidaitawa: tana jera fishiyoyin hagu da na dama, a tsakaninsu kuma alamar abin da take shirin yi wa kowane ɗaya, kuma ana iya sauya alamar kafin a fara. WinMerge ita ma kyauta ce, ta Windows kaɗai. Ƙarfinta yana wajen nuna cikin rubutu: idan aka buɗe fishiyoyi biyu da suka saɓa, za ta haskaka layukan da launi, har ta nuna gurbin da aka taɓa a cikin layin. Meld tana yin irin wannan aiki, an fi sanin ta a Linux, kuma tana iya kwatanta kwafi uku a lokaci guda. Beyond Compare ta haɗa ayyukan biyu, sai dai ta kuɗi ce. Dukansu suna aiki ba tare da intanet ba bayan an saka su, abin da yake da amfani ga mai aiki a karkara.

Ga ɗalibi mai Windows, haɗa FreeFileSync da WinMerge ya wadatar: ta farko ta nuna fishiyoyin da suka saɓa, ta biyu ta nuna abin da ya saɓa a cikinsu.

Salon Daidaitawa

Kwatantawa ba ta taɓa komai. Daidaitawa ce take kwafa, take maye gurbi, take gogewa, kuma tana da salo uku.

Salon madubi yana mayar da ɓangaren dama tamkar na hagu. Duk abin da yake dama amma babu shi a hagu za a goge shi. Ya dace da wanda yake aiki a kwamfuta kaɗai, faifan waje kuma ajiya ce kawai. Haɗarinsa shi ne juya ɓangarori: idan aka sa tsohon kwafi a hagu, aikin watanni zai tafi cikin ƴan daƙiƙoƙi.

Salon sabuntawa yana tura sababbin fishiyoyi da waɗanda aka gyara daga hagu zuwa dama, ba ya goge abin da ya tarar a dama ba tare da takwara ba. Ya fi aminci, amma tarkace yakan taru, kuma fishiyen da aka sake wa suna yakan zama biyu.

Salon ɓangare biyu yana kai gyaran kowane ɓangare zuwa ɗayan. Domin ta bambance fishiyen da aka ƙara a hagu da wanda aka goge a dama, FreeFileSync tana ajiye ƙaramin fishiye mai suna sync.ffs_db, wanda yake riƙe da yanayin dosiyoyin a daidaitawar baya. Idan aka gyara fishiye guda a ɓangarorin biyu, manhajar za ta nuna saɓani ta dakata. A nan ne ake buɗe WinMerge a haɗa gyare-gyaren da hannu, domin na'ura ba ta san wace fassara ce malami ya amince da ita ba.

Tarkon Agogo

Kile da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda yake ajiye lokacin gyara a tsalle na daƙiƙa 2, kuma ba ya karɓar fishiyen da ya kai gigabayit 4. Manhajojin daidaitawa sukan yafe tazarar daƙiƙa 2 ɗin, amma dogon bidiyo zai ƙi shiga, sai an koma tsarin exFAT ko NTFS. Haka kuma FAT32 yana rubuta lokacin wurin da na'ura take, NTFS kuwa yana rubuta lokacin duniya. Nijar tana gaba da lokacin duniya da awa 1 duk shekara, Faransa kuwa tana ƙara awa 1 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Kwamfutar da aka bari a kan agogon Paris tana iya sa fishiyoyin kile su bayyana da tazarar awa guda, alhali babu wanda ya taɓa su. Maganin shi ne gyara yankin lokaci na kwamfutar, ko a umarci manhajar ta yi watsi da tazarar awa 1.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ɗaukar sabo a matsayin mai kyau. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar ajiye rubutu, fishiyen yana iya yankewa ko ya zama fanko, kuma shi ne zai ɗauki kwanan wata mafi kusa. Manhaja za ta so ta ɗora shi a kan lafiyayyen kwafi. Duk fishiyen da aka nuna sabo ne amma girmansa ya ragu sosai, abin a tsaya a bincika ne.

Tarkon Rubutun Hausa

A tsarin Unicode kowane harafi yana da lambarsa: ɓ ita ce U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ kuma U+01B4. Waɗannan ba su da matsala. Matsalar tana wajen alamomin karin sauti. Ana iya rubuta à da lamba guda, U+00E0, ko da lambobi biyu, wato a da alamar U+0300 a bayanta. Ido yana ganin abu ɗaya, amma a UTF-8 na farko bayit 2 ne, na biyu bayit 3. Ana kiran siffa ta farko NFC, ta biyu NFD. Rubutu biyu da aka buga da madannai daban-daban suna iya fitowa da launin saɓani a kowane layi ba tare da an ga dalili ba. Tsohon tsarin faifan Mac, HFS+, yana ajiye sunayen fishiyoyi a warware, don haka suna mai alamar karin sauti yana iya rasa takwararsa idan aka kai shi wata na'ura.

Alamar hamza ma haka take. Wadda ke cikin sana'a tana iya zama U+0027 ta madannai, ko U+2019 da Word yake sakawa da kansa, ko U+02BC. Ga kuma bambancin ƙa'idar rubutu: Nijar tana rubuta ƴ, Nijeriya tana rubuta 'y, don haka matanin da ya bi ta hannu biyu yakan gauraya su. Bugu da ƙari, Windows yana rufe layi da alamomi biyu, Linux da guda. WinMerge tana da zaɓin yin watsi da wannan.

Darasin shi ne ƙungiyar bincike ta amince da madannai guda, hamza guda da siffar Unicode guda tun farko. Sunayen fishiyoyi kuma a taƙaita su ga haruffa marasa ƙugiya da lambobi, da kwanan wata a gaba, kamar 2024-03-15_tawa_tatsuniya_01.wav.

Fishiyoyin Manhajojin Nazarin Harshe

Fishiyen ELAN, manhajar Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a Holan, rubutu ne na XML mai ƙarewa da .eaf, don haka ana iya kwatanta shi layi-layi. Yana ɗauke da adireshin fishiyen murya, shi ya sa ya kamata su zauna a dosiye guda, a daidaita su tare. Kusa da shi akwai .pfsx, mai riƙe da tsarin allo kawai. Sauyinsa ba sauyin bayanai ba ne, ana iya cire shi daga kwatanci ta hanyar matata. TextGrid na Praat, wanda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙera, shi ma rubutu ne, amma ana iya ajiye shi a UTF-16 ko UTF-8, kuma hakan kaɗai ya isa ya bambanta girman kwafi biyu. Fishiyen .docx kuwa ƙunshi ne da aka matse, don haka babin kundi an fi kwatanta shi da zaɓin kwatanci na cikin Word. Aikin ƙamus na FLEx yana da nasa tsarin musayar gyare-gyare tsakanin abokan aiki, kuma shi ya kamata a bi. A kowane hali, a rufe manhajar nazari kafin a fara daidaitawa.

Kammalawa

Tsari mai aminci yana da matakai kaɗan. A ayyana kwafi guda a matsayin na aiki, ya zauna a hagu kullum. A kwatanta tukuna, a karanta jerin abin da za a goge da wanda za a maye gurbinsa kafin a danna komai. A umarci manhajar ta kai tsofaffin fishiyoyi wani dosiye na daban mai kwanan wata maimakon ta shafe su. Muryoyin fili na asali kuma a kulle su daga gyara, a yi aiki a kan kwafinsu.

Daidaitawa tana kwafa kuskure kamar yadda take kwafa gyara, saboda haka ba ta wadatar ita kaɗai ba. Ƙa'idar da masu adana bayanai suka saba da ita ita ce kwafi 3, a kan nau'in ma'ajiya 2, da kwafi 1 a wani wuri na daban, misali a sashe ko a gidan ɗan'uwa. Kile da kwamfutar da suke jaka guda ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su. Dattijon da ya ba da awa biyu yana tatsuniya ya ba da amana ce, kuma ba lalle ba ne a sake tarar da shi idan aka koma ƙauyen bayan damina.