Ɗaure Manyan Notuna da Sufanar Guduma

Sufanar guduma wani nau'in sufana ne gajere, mai kauri, wanda aka ƙera wa gindi mai faɗi domin ya riƙa karɓar duka. Akan yi amfani da ita a tashoshin wutar lantarki, da jiragen ruwa, da mahaɗar manyan bututun mai, wato wuraren da noti ya fi ƙarfin hannun bakanike.

Kafin a fahimci aikinta, wajibi ne ɗalibi ya san ma'anar ƙarfin murɗa. Ana samun sa ne idan aka ninka ƙarfin da aka sa da tsawon hannun sufana, kuma ana auna shi da nitin-mita. Alal misali, mutum mai nauyin kilo 70, in ya rataya a ƙarshen sufana mai tsawon mita 1, abin da zai samar bai kai nitin-mita 700 ba. Alhali kuwa ƙusa mai kaurin milimita 36, ta ƙarfe mai daraja 8.8, tana bukatar fiye da 2,000. Wannan giɓi ne guduma ke cikewa, domin takan sauke ƙarfi mai yawa cikin ƙiftawar ido.

Sai dai tambayar "nawa ne ƙarfin da duka ɗaya ke bayarwa?" ba ta da amsa guda. Nauyin guduma, da saurin saukarta, da gajiyar mai duka, duk suna sauya sakamako. Bugu da ƙari, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin murɗa yana salwanta ne wajen gogayya a zaren ƙusa da ƙarƙashin noti. Ɗan abin da ya rage shi ne ke miƙar da ƙusa har ta matse ƙarafa biyu. A nan Bahaushe ya yi daidai da ya ce "ɗaure noti", domin ƙusa, kamar igiya, sai ta miƙe take riƙo. In aka zarce, ta tsinke. In aka gaza, mahaɗa ta yi yoyo.

Saboda haka ƙwararru ba sa dogara da ƙarar duka. Sukan ɗaure noti har ya zauna, su yi masa alama da alli, sannan su ƙirga kusurwa. Noti yana da fuska 6, kowace digiri 60, don haka fuska 2 sulusin zagaye ke nan. Ga ƙusar da aka ambata, cikakken zagaye yana tura noti milimita 4.