Yadda Ake Adana Albasar Iri Har Lokacin Dashe

A Illela da ƙauyukan da ke kewaye da tafkin Kalmalo, har zuwa Gwadabawa da Gada, albasa ce dukiyar rani. Haka abin yake a tsallaken iyaka, daga Birnin Ƙonni zuwa Galmi, garin da jar albasar nan ta samo sunan da aka san ta da shi har Abidjan. Sai dai albasa ba ta cika ba da iri a shekararta ta farko ba. Dole a cire ta, a ajiye ta wata shida ko bakwai, a sake binne ta, sannan ta yi fure. Wannan ajiyar ita ce inda manomi da yawa ke asarar irinsa.

Aikin yana farawa tun albasa tana ƙasa. Fadamar da za a ɗebi iri daga cikinta ba a cika mata takin yuriya a ƙarshen rayuwar albasar, domin yana sa wuya ya yi kauri, ƙwayar ta cika ruwa, ta kasa jure ajiya. Idan aka ga fiye da rabin lawashin ya kwanta da kansa, wajen Maris ko Afrilu, sai a tsayar da ban ruwa kamar kwana goma zuwa mako biyu. Wanda ya shayar yau ya cire gobe, ruɓa ya kai rudu.

Bayan an tuge ta, a jera ta a gona yadda lawashin wani layi zai rufe ƙwayar na gabansa. Zafin Afrilu a ƙasar Sakkwato yana haura digiri 40, kuma rana tana dafa albasar da aka bari a fili. Ta yi mako guda ko biyu a haka, har bawon ya riƙa ƙara in an taɓa shi, wuyan kuma ya bushe ƙayau. Sannan a yanke lawashin, a bar wuya kamar faɗin yatsu biyu. Yanke shi ƙurmus buɗe ƙofa ne ga ruɓa.

Daga nan sai zaɓe, kuma a ganina nan ne zuciyar aikin. Na sha ganin manomi ya kai kyawawan kasuwar Lahadi, ya ce ragowar ta isa iri. Wannan cutar kai ce, domin abin da aka dasa shi za a gada. Albasar iri ita ya kamata a fara warewa kafin a ɗinke buhu ko ɗaya. A ɗauki matsakaiciya, mai tauri, mai siririn wuya, wadda launinta ya yi daidai da na 'yan uwanta. A bar tagwaye, a bar wadda fartanya ta sara, a bar wadda ta riga ta fitar da kara a gona, domin 'ya'yanta ma za su yi gaggawar fure. Manya-manyan nan masu ɗaukar ido su ne ke fara lalacewa.

Rudu kuwa ana ɗaga shi daga ƙasa kamar kamu ɗaya a kan duwatsu ko itace, a shimfiɗa karan dawa, a kewaye da zana, a yi masa jinka mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa. Iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama, shi ne dukan sirrin. Kada a jibge albasar da yawa, kada a zuba ta a leda ko a ɗakin kwano marar taga.

Zafi ba abokin gabarta ba ne yadda ake zato. Shi ne ma ke hana ta tsiro. Danshi ne matsala, musamman a Agusta. A riƙa buɗe rudun duk mako ko mako biyu, a bi ta da hannu. Wadda ta yi laushi a wuya, ko ta yi baƙar ƙura a ƙarƙashin bawo, ko hanci ya ji ta, a fitar da ita nesa. 

Da damina ta ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, za a ga koren tsiro ya fara leƙowa. Lokaci ya yi. A sake zaɓe, a yanke saman kowace kaɗan don tsiron ya fito da yawa, a shafa toka a wurin yankan, a dasa. Kada a makara, domin sanyin hunturu na Disamba da Janairu ne ke sa ta fitar da kara ta yi fure. Idan furen ya buɗe a daina feshin magani, saboda zuma da ƙudaje ne ke haɗa barbarar. Wajen Fabrairu ko Maris, da baƙin ƙwayar iri ya fara bayyana, a yanke kawunan, a shanya a inuwa, a sussuke. Irin albasa ba ya son kwana biyu, don haka a shuka shi cikin shekarar.